Geron da Suke Kira Ɗan Ilu

Bana ruwa ya ɗauke mana tun geron mutane yana da ciki. Kwana ashirin da wani abu muna kallon gabas. Hadari ya haɗu da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, ya yi rugugi har kaji su shige akurki, sai iska ta zo ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Daga ƙofar gidana ina hango gandun gidan Ilu, kara ya fi mutum tsawo, ganye ya nannaɗe, babu zangarniya ɗaya mai ido. Nawa kuwa na girbe shi, yana cikin rumbu. Ban yi guɗa ba, amma ƙarya nake in na ce na yi baƙin ciki. Na taɓa ganin gonar nan a haka, shekara arba'in ko kusa da haka, kuma abin da ya biyo baya har yau bai bar ni ba.

Ilu yayan mijina ne, marigayi Mamman. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, Yaya nake cewa, yadda aka koya mana. A nan dai Ilu zan ce. Na tsufa, ba wanda ya rage da zai tsawata mini.

Daga wani ƙauye bayan Gidan Rumji aka kawo ni nan kusa da Cadawa. Cikin kayan ɗakina, tsakanin ƙorai da tukwane, uwata ta sa wata gora mai toshiyar totuwa, cike da irin gero gauraye da toka don kada ƙwaro ya ci. Geron gidanmu ne. Ba shi da kyan gani, wannan ban taɓa musawa ba. Zangarniyarsa ba ta wuce kamu ɗaya, ga gashi tsitstsaye a jikinta, ga ƙwaya ƙanana masu duhu. Amma ranar da aka shuka shi, a ƙirga wata biyu da kwana goma a zo da dami. Ba haka Allah ya saukar da shi ba, hannu ne ya mai da shi haka. Uwata kan shiga gona da tsumma a ƙugunta, duk karan da ya riga 'yan'uwansa fid da kai ta ɗaura masa ƙyalle. In an zo girbi, masu ƙyalle su ne iri, ba a dakawa ko da baƙo ya zo daga Makka. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Gashin kuwa ba mu muka zaɓe shi ba. Geron da ya riga kowa nuna shi tsuntsaye ke faɗa wa, su cinye mai santsi su bar mai soke musu ido, sai ya zamana cikin masu ƙyallen ma masu gashi ne ke kai kaka. Shekara da shekaru mu muna zaɓen namu, tsuntsu yana zaɓen nasa, har aka samu abin da ke cikin gorar.

Ilu shi ne mai gandu, kuma shi zango yake shukawa, geron nan mai doguwar zangarniya. Ban taɓa ganin mutum mai alfahari da hatsi irinsa ba. Da kaka yakan zauna a bakin rumbu yana auna zangarniya da hannunsa, daga hammata zuwa yatsa, wadda ba ta zarce ba ya jefa ta cikin na ci. Wadda ta fi duka tsawo ya rataye ta a zaure don baƙi su gani su ce kai. Abin da bai lura da shi ba, ni da nake baƙuwa na lura tun damina ta biyu: karan da ke ba da doguwar zangarniya shi ne karan da ya fi jinkiri. Duk shekara yana tsince dogaye, duk shekara yana tsince malalata. Tsofaffin matan gidan sun faɗa mini a zamanin ubansa ana cin tumu, gasasshen sabon gero, kafin lokacin da ake ci yanzu da kusan sati biyu. Shi dai tsawon yake gani.

An yanka mini gamana, 'yar gonar da ake ba mace ta noma wa kanta, a gefen gandu ta gabas. Na shuka geron uwata. Shekara ta farko dariya Ilu ya yi. Ta biyu ya tsinci gajerun kawuna masu gashi a bakin gandunsa, ya kawo guda tsakar gida ya jefa mini a gaban turmi.

"Ke Bagobira, wanga abu da kike shukawa minene?"

Na durƙusa na ce, "Gero na, Yaya."

"Shibra ce. Shibra kinka kawo muna gida cikin gora, kamar wata dukiya."

Shibra ita ce geron nan da ba mai shuka shi, yana fitowa da kansa tsakanin shuka, ya kakkaɓe ƙwayarsa a ƙasa kafin a zo girbi, badi ya sake fitowa. Manomi ba shi da zagin da ya fi wannan. Nawa kuwa yana riƙe ƙwayarsa sai an sussuka. Amma a wuri ɗaya yana da gaskiya, ba zan hana shi ba: iskar damina daga gabas take, tana ɗaukar bununin gerona, garin nan rawaya da ke zuba daga zangarniya, ta kai wa nasa. 'Ya'yan da ya tsinta a bakin gandu jikokin gorata ne. Da ya ce in matsa yamma, da na matsa. Bai ce ba.

A damina ta uku ruwa ya makara, muka yi shuka a ƙurarren lokaci. Uwata ta rasu da ranin da ya wuce. Ina goye da 'yata ta fari, Rabi, tana shekara ɗaya da rabi. Gerona ya fid da kai, na bi shi na ɗaura ƙyallaye, ya yi bununi, har wasu sun fara ido. Wata safiya na fito da ƙwaryar fura zan kai gandu, sai na ji sara a gamanata. Ilu ne da ƙannensa uku, kowa da fartanya. Na ukun Mamman ne, mijina. Bununi ya zuba musu a kafaɗu, sun yi rawaya. Ƙamshin ɗanyen kara ya cika wurin, ƙamshin nan mai zaƙi.

Na ce, "Yaya, kwana ashirin ya rage. Ku bar shi kwana ashirin, badi ba ni ƙara shuka shi nan."

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Mamman, hwaɗa wa matarka ta kai hura inda anka aike ta."

Mamman ya sunkuyar da kai ya ci gaba da sara. Kafin rana ta take sun kwantar da gonar duka, suka ɗaure karan suka kai wa shanun Ilu. Ni ce ma na ɗebo wa shanun ruwa da yamma, don ranar aikina ce.

Kwana tara bayan haka aka yi ruwan ƙarshe, yayyafi ne ma, bai jiƙa ƙasa kamu ɗaya ba. Zango yana da ciki. Ya tsaya nan da cikinsa kamar mai jiran ungozoma, rana tana dukansa, har ya fid da dogayen kawuna farare da ba komai a ciki. In ka murza zangarniya a tafi ka hura, sai ka ga tafin wayam. Abin da ya yi ido a gandun Ilu a shekarar nan shibra ce ta gaskiya, wadda ta tsere wa fartanya, da 'yan gajerun nan na bakin iyaka. Mu mata muka bi su da ƙwarya muna tsinta. Na ga Ilu ya sha furar shibra da idona, ya suɗe ludayi.

Akwai abin da bai sani ba. Ranar shuka, ragowar irin da ya saura a gora na watsa shi bayan ɗakina, cikin darnin kara, tsakanin kuɓewa da yakuwa. Ruwan wanke-wanke ya raya shi. Na samu kawuna ba su kai hamsin ba, na murje su da hannu a ɗaki, suka ba ni tiya ɗaya da 'yan kai. Na gauraya da toka, na zuba a gorar, na tona rami ƙarƙashin randar ruwa na binne, na mai da randa. Labari ya zo daga gida cewa 'yan'uwana sun cinye nasu irin sun yi kudu. Wato duk duniya geron uwata ya rage a ramin nan ne kawai.

Yunwa ba ta zuwa rana ɗaya. Da kaka ana tuwo sau ɗaya. Da sanyi ya shigo aka koma kunu. Maza suka tsallaka iyakar ƙasa neman abin kai wa baki, har da Mamman, aka bar Ilu shi kaɗai a matsayin maigida, yana auna wa kowane ɗaki da 'yar ƙwarya, yana share bakinta da yatsa. Daga baya 'yar ƙwaryar ma ta daina fitowa. Muka ci dusa. Muka ci busasshiyar tafasa da ganyen jiga. Muka riƙa tafiya tun asuba neman 'ya'yan anza, a jiƙa su kwana uku ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, kuma ba ya fita duka. Muka daka ƙarangiya, ƙayarta ta shige mana ƙarƙashin farce ta yi ruwa. Muka tona gidajen tururuwa muna ƙwace abin da suka tara. Da bazara ta kama, zafi ya zo ya zauna, rijiya ta ja baya, sai an ƙara igiya. Garin ya yi shiru, ba a jin daka. Yanzu in damina ta lalace yara na ta danna waya, wani ɗa a Maradi ya ɗoro buhun shinkafa a kan babur. A lokacin in an ga ƙullin garin rogo daga wajen Mamman sau ɗaya a wata, an gode Allah.

Nonona ya ƙafe, na yaye Rabi ba don lokaci ya yi ba. Anza ba ta zauna mata a ciki. Ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja ya yi laushi. Ta daina kuka mai ƙarfi, sai dai ta bi ni da ido ta ce, "Hura." Kalmar da ta fi iyawa ke nan. Da rana in zafi ya yi yawa takan rarrafa ta je ta kwanta jikin randa, ta manna kumatunta a ƙasa, don nan ne kawai wuri mai sanyi a ɗakin. A kan gorar take kwanciya.

Sau biyu na tono ta. Na farko na ɗebi tafi ɗaya, na wanke tokar, na niƙa a dutse don kada a ji ƙarar turmi, na dama mata kunu. Ta sha har tana haɗawa da numfashi, ta yi barci irin wanda ta daɗe ba ta yi ba. Na biyu, bayan kwana huɗu, na juye duka a ƙwarya na zauna ina kallo. Na lissafa. In na ja shi sosai, kwana goma. Ruwa kuwa sai bayan wata biyu, in zai zo, hatsi kuma sai bayan wasu wata biyun da kwana goma, in akwai abin shukawa. Zango ya mutu, ba wanda ke da iri a gidan. Na mayar da shi cikin gora da hannuna, na toshe, na binne. Rabi tana zaune tana kallona, ta ga hatsi, ta miƙo hannu. Na ba ta ruwa.

Ta rasu sati uku kafin ruwan farko, da hantsi, a kan cinyata. Da na dama mata duka, da ta kai? Ban sani ba. Shekara arba'in ina wannan lissafi, wani lokaci ya fito haka, wani lokaci ya fito haka. Abin da na sani shi ne da an bar mini gonata kwana ashirin, da ban taɓa zama ina auna 'yata da tiya ɗaya ta gero ba.

Ruwa ya sauka, maza suka dawo. Ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya fito da sungumi, amma me za a zuba a ramin? Irin da aka raba daga buro, ofishin hukuma, bai kai ko'ina ba, ba a kuma san asalinsa ba. Na tono gorata zan tafi gamana. Mamman ya gani, kuma Mamman bai taɓa iya riƙe magana a gaban yayansa ba. Ban kai ƙofar gida ba na tarar da Ilu tsaye a zaure, ƙarƙashin doguwar zangarniyarsa ta bara waccan.

Ya ce, "Kawo."

Na ce, "Shibra ta, Yaya. Kai ka hwaɗi, gaban kowa."

"Abin da ke cikin gidanga duk na gandu ne. Kawo."

Na rungume gorar. Ban durƙusa ba, ranar ce ta farko. Na ce, "Ɗiyata bisa gorag ga take kwanciya har ta mutu. Tana roƙo na hana ta. Kai ka sare gonar, yanzu kai za ka shuka wanga?"

Ya ce, "Kwananta ne ya ƙare. Mamman."

Mamman ya riƙe mini hannuwa ta baya, yana cewa in yi haƙuri. Ilu ya juye irin a hularsa, ya bar mini abin da bai cika tafi biyu ba a gindin gora, ya ajiye ta a ƙasa ya fita.

Daminar ma gajeriya ce. Geron ya yi, ba shakka zai yi. Tun mutane na cin ganye gidanmu aka fara tumu. Da kaka maƙwabta suka yi ta sallama a zaure suna neman musanyar iri, badi na wasu ƙauyuka suka zo, har daga wajen Gazawa. In an tambaye su wane iri ne, sai su ce na gidan Ilu. Kafin shekara biyar sunansa Ɗan Ilu. Ya saya wa kansa babbar riga, ana gaishe shi a kasuwar Cadawa a matsayin mutumin da ya fid da gari daga yunwa. Bai taɓa gyara wa kowa ba. Ni kuma da na faɗa wa mata a bakin rijiya, sai aka ce baƙin cikin rashi ne ya taɓa ni.

Tafi biyun nan na kai su can ƙarshen jigawa, inda ba mai son nomawa saboda nisa, inda bununin kowa ba ya isowa. Can nake har yau. Na haifi wasu 'ya'yan, Mamman ya rasu, an raba gandu, ni dai kowace damina ina shiga da tsummana ina ɗaura wa na farko ƙyalle. Ina kuma kallon Ilu. Hannu ba ya canza hali. Da damina ta gyaru, ya koma bakin rumbu yana auna zangarniya da hammata. Cikin geron uwata yake tsince dogaye, ga zangon maƙwabta ya dawo yana ba shi bununi. A hankali gashin ya kaɗe, kai ya miƙe, kwanaki suka ƙaru. 'Ya'yansa suka gaji awon. In ruwa ya wadata suna tara dami fiye da nawa, su wuce ta gefen gonata da amalanke suna dariya. Suna nan suna kiransa Ɗan Ilu, geron da ke tsere wa fari, alhali ba abin da ya rage na tseren sai suna. Na gani tun tuni. Ban faɗa musu ba, ba su tambaye ni ba.

Shekaranjiya waccan babban ɗansa Sani, wanda aka haifa bayan yunwar, ya zo da babur ya durƙusa a ƙofata.

"Inna, kin ga yadda shekara ta yi muna. Ko na shuka ba mu fitar ba. A taimaka muna da iri, ko tiya biyu, mu aje."

Na ce, "Ba ku da Ɗan Ilu?"

Ya dubi buhun da ya zo da shi.

Na ce, "Tahi ka ɗauko ubanka. Shi zo da bakinai."

"Inna, Baba ba ya gani, ƙahwa ma ta ƙi."

"Ga babur na gani, ɗauko shi bisa."

Jiya da hantsi ya kawo shi, a ɗaure a bayansa da rawani don kada ya faɗi. Shekara bakwai rabon da in tsaya kusa da shi. Ya ƙanƙance, babbar rigar ta yi masa yawa. Matan unguwa suka taru a bakin darni, ban kore su ba, ni na aika a kira su. Na shimfiɗa masa tabarma, na ba shi ruwa, don ba a ce ban da tarbiyya ba. Sannan na sa masa zangarniya ɗaya a hannu. Ya shafa ta daga gindi zuwa kai, tafiyar ba ta da nisa. Gashin ya soke shi, ya janye yatsa.

Na ce, "Yaya, wanga Ɗan Ilu na?"

Ya sake shafa ta. Ya ce, "A'a."

"Na wa na?"

"Na uwarki ne. Na gorar nan."

"Uwata ta ba ni. Wa ya kwanta bisa shi da yunwa don shi kai damina?"

Ya juya zangarniyar a hannunsa. Ya ce, "Yarinyar nan. Allah shi jiƙanta."

"Tana da suna. Kai ka raɗa mata shi."

Ya buɗe baki ya rufe. Ya juya kansa wajen da yake jin numfashin Sani, Sani ya dubi ƙasa, shi bai ma san an yi ta ba. Na jira. Na ɗauka taurin kai ne irin nasa na da, sai na ga leɓensa yana motsi yana lalube, ya fara wani suna ya bari, ya fara wani. Ba ƙi ya yi ba. Ya manta. Shekara arba'in ina kwana ina tashi da mutumin nan a raina, ina shirya abin da zan faɗa masa, shi kuwa ko sunanta bai ajiye ba.

Na ce, "Rabi."

Ya ce, "Rabi," a hankali.

"Ba su ji ba can bakin darni."

Ya ɗaga murya, ta karye, ya sake. "Rabi. Geron Rabi ne."

Na shiga ɗaki na ɗauko gorar, na auna wa Sani tiya biyu a buhunsa. Na ce masa in Allah ya kai mu badi, ranar da geron ya fid da kai ya zo ya ɗauke ni da tsummana, kada wani a gidansu ya kuskura ya zaɓi iri da hammata. Ilu ya ɗan jinkirta a kan tabarma kamar mai jiran a ce wani abu. Yafiya bai roƙa ba, ni ma ban ba shi ba. Aka ɗaure shi a bayan babur suka tafi, matan suka watse.

Na koma ɗaki na toshe gorar, na mayar da ita raminta, na jawo randa na ɗora. Na sa tafin hannuna a ƙasa a gefenta. Wurin har yanzu da sanyi.